Gida mai gado goma sha shida a Aziziyya

A Makka babu unguwar da take nesa da Harami. Tambayi kowane dillali, zai ja ka bakin taga ya nuna maka agogo. Hasumiyar agogon nan tsawonta mita 601 ne, don haka ko a bayan gari kake, in dai dutse bai tare ka ba, za ka hango ta da dare tana sheƙi kore shar. A lissafin dillali kuwa, duk inda ido ya kai, ƙafa ma ta kai.

Ni daga Riyad aka yi mini canjin wurin aiki. A ɗakin gwajin jini nake aiki a wani asibiti, shi ya sa Hausawan nan suke kira na Dakta, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gyara musu ba. Takardar ta fito a farkon shekarar 1445, wajen watan Agustan 2023, alhazai sun watse, gari ya yi sakayau. A Riyad neman gida lissafi ne kawai: ka buɗe manhajar Aqar, ka duba kuɗi, ka duba nisansa da wurin aiki, ka biya. Gari ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara. Da wannan ilimin na baro iyali a can, na tuƙo sama da kilomita 800, ina ce wa Maman Ummi ta fara ɗaure kaya, kafin Juma'a na gama.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: araha, da wurin ajiye mota. Maman Ummi ta ce ita dai inda za ta leƙa ta ji ana Hausa, ta sayi daddawa da kuka ba sai an yi mata aike daga gida ba, don ta gaji da hira da bango a Riyad. Sai kuma surukata, Hajiya, wadda take Kano amma ƙuri'arta ta fi ta kowa nauyi. Ta riga ta ƙudurta umarar azumi a gidanmu, kuma sharaɗinta ɗaya ne: gidan ya kasance cikin haddin Harami, inda salla ɗaya take da ladan dubu ɗari.

Na fara da Nawwariyya, can arewa a kan hanyar Madina. Sabon gini, fenti bai gama bushewa ba, ga filin ajiye mota har tirela ta juya. Kuɗin ma da sauƙi. Na kira Hajiya da murnata, na durƙusa a tsakar falon da babu kowa na gaishe ta, don ko ta waya ban iya gaishe ta a tsaye ba.

"In ka taho daga Harami, kafin Masallacin Nana A'isha ne ko bayansa?"

"Bayansa ne kaɗan, Hajiya."

"Wato inda mutane ke fita su ɗauko haramar umara, kai ka wuce nan ma?"

"Kaɗan dai, Hajiya. Ana ma hango agogo in an..."

"To ai ba Makka ka koma ba, maƙwabtaka da Makka ka koma. In hau jirgi tun daga Kano in zo in yi sallar da zan iya yi a Gwammaja?"

Nan aka binne maganar Nawwariyya. Na leƙa Awali, unguwar masu hali, tituna masu faɗi da gidaje masu katanga. Mai ofishin gidajen haya ya miƙo mini ruwan sanyi, ya faɗi kuɗin shekara, na shanye ruwan, na yi masa addu'a, na fita.

Daga nan aka haɗa ni da Kawu, ƙanin mahaifin Maman Ummi ta wajen kaka. Kawu ya shigo ƙasar nan yana yaro, shi da mahaifinsa, ta ƙasa suka biyo Chadi da Sudan suka ƙetaro teku, zamanin Sarki Faisal, kuma tun daga lokacin bai bar wajejen Shari'a Mansur, wato titin Mansur, ba. In ka shiga unguwar sai ka rantse Fagge ce aka ɗauko aka jingina da dutse. Ga masu tsire suna fifita wuta, Larabawa sun yi layi suna cewa a ba su siriya, ga tsofaffin mata sun baza kuɓewa busasshiya da barkono da man shanu a robobi. Na ɗauki hoton daddawa na tura wa Maman Ummi, ta maido mini da guɗa.

"Akwai ɗaki biyu da falo a saman nawa," in ji Kawu. "Nan da nan ne. Biyo ni."

Matakala ce ta siminti, ba biyu da suka yi tsayi ɗaya, bututun ruwa na bin gefenta, kyanwoyi sun kwanta a kai ba su da niyyar matsawa. Kawu ya haura saba'in, da silifas ɗinsa da carbi a hannu, yana hawa yana ba ni tarihin kowace ƙofa: wannan 'yan Katsina ne, wannan jikokin wani malami ne daga Borno, can gangaren kuwa da gidaje ne cunkus, aikin babban titin nan da ake kira Masar ya cinye su. Ni kuwa numfashi ya ƙare mini tun wajen 'yan Katsina. Wani yaro ya wuce mu da tukunyar gas a kafaɗa yana waƙa, Kawu ya ce kuɗin dakonsa gwargwadon hawan gidanka ne. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Gwaggo, tana zaune a bakin ƙofa da kular zoɓo da kunun aya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta zuba mini kofi ɗaya ba tare da na tambaya ba, ta ce wa Kawu, "Wannan baƙon naka ku bi shi a hankali."

Da muka kai, gidan ba laifi, iska na kaɗawa, ga agogo ɓaro-ɓaro.

"Kawu, mota fa, ina zan ajiye ta?"

"A ƙasa mana, inda kowa yake ajiyewa."

"Kawu, ai ƙasan wata unguwa ce daban."

"Kai yaro, ku 'yan boko ƙafarku ta ado ce."

Na ce masa zan yi istihara. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, da irin muryar wanda ya san abin da istiharar za ta ce.

Washegari wani abokin aiki ya ba ni lambar wani dillali, Bahaushe haifaffen Makka, mai fara jimla da Hausa ya ƙare ta da Larabci. Ya ɗauke ni zuwa Aziziyya. Ga manyan shaguna, ga gidajen abinci, ga Albaik, ga titi lafiyayye, kuma unguwar tana manne da Mina, cikin haddi tsundum. Bene ne mai hawa shida da lif mai aiki. Ya buɗe ƙofa a hawa na uku, na tsaya ina salati.

Ɗaki huɗu, kowane ɗaki da gadajen ƙarfe huɗu, kowane gado da katifa da matashi a cikin leda. Kowane ɗaki da banɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki. A jikin kowace ƙofa an liƙa lamba, a silin an manna kibiyar alƙibla, a bango ga jar tukunyar kashe gobara, ga wata takarda a bayan ƙofa da rubutun Urdu da hoton mutum yana gudu zuwa matakala. Na ce a raina, wannan maigidan mai tsoron Allah ne, har alƙibla ya tanadar wa ɗan haya.

"Nawa?"

"Riyal 14,000, ya Dakta. Da kayan da komai."

A Awali an nemi fiye da ninkin haka a kan gidan da ko labule babu. Na daure fuska don kada ya ga haƙorana, na ce a rage. Ya rage 500 ba gardama, abin da ya kamata hukuma ta hana dillalai yi, don yana sa mutum ya ɗauka shi gwani ne.

"Wallahi ya Dakta, gidan nan naka ne, halas, har Allah ya kai mu hajji."

Na ce, "Amin, Allah ya kai mu da rai da lafiya."

Ya turo yarjejeniya ta manhajar Ejar, saƙo ya shigo wayata, na danna amincewa a tsaye a bakin lif, na biya shi la'adarsa, kashi 2.5 cikin ɗari. Kwanan watan da ke jiki na Hijira ne, ni kuwa albashina da watan Turawa yake zuwa, da shi nake sanin inda duniya take. Ban ga abin da zai sa mai aiki kamar ni ya tsaya ƙirga Shawwal da Zulƙida a bakin lif ba.

Na koma Riyad na sa gadonmu da kujerunmu a manhajar saye da sayarwa ta Haraj na sayar, don mai gado 16 me zai yi da na 17? Abu ɗaya muka saya sabo: firiji mai ƙofa biyu, dogo ya fi ni, wanda Maman Ummi ta daɗe tana mafarkinsa.

Ranar da ta shigo gidan ta ɗauki bidiyo ɗaki-ɗaki ta tura zauren WhatsApp na danginsu. Wannan bidiyon shi ya fi komai tsada a zamana na Makka. Kafin Maulidi mun sauki ɗan yayan mijin ƙanwarta. Kafin Rajab na daina tambayar dangantaka, in an ƙwanƙwasa sai in ce lamba uku akwai gado biyu. Da azumi ya kama a watan Maris, Hajiya ta iso da ƙawayenta na islamiyya su biyar, gadaje suka cika har da shimfiɗa a falo. Buhun shinkafa ya zama abin mako. Ni ne direba zuwa tarawihi, ni ne mai ɗauko Zamzam, ni ne mai nemo wadda ta ɓata a ƙofar Sarki Fahad. Wani baƙo ma da zai tafi ya ja ni gefe ya yaba tsabtar wurin, ya ba ni shawarar mu riƙa canza zanin gado da wuri. Hajiya kuwa ta sa mini albarka a gaban jama'a, ta ce duk cikin surukanta ni ne mai hangen nesa.

Bayan ƙaramar salla baƙi suka tafi, muka miƙe ƙafa. Na lura maƙwabta suna ta sauke kaya a mota, na ce wa Maman Ummi mutanen nan ba su da zama, ga gida mai kyau suna ta tashi. Har maigidan da kansa na gani ana hau masa da kaya zuwa ɗan ɗakin da ke kan rufin bene.

Wata safiya a ƙarshen Shawwal mai gadin gidan ya ƙwanƙwasa. A bayansa mutum biyu da bokitin fenti, wani da sababbin ledojin katifa, wani da takarda yana ƙirga gadaje ta saman kafaɗata. Mai gadi ya yi murmushi ya tambaye ni ƙarfe nawa motar kayanmu za ta zo.

Na kira dillali ina huci.

"Ya Dakta, ban ce maka har hajji ba? Kai da bakinka ka ce amin."

"Addu'a ka yi, na amsa!"

"Addu'a ce, kuma ga shi Allah ya kai mu. Gidan yana da lasisin saukar alhazai. Abin da maigida zai samu a kwanakin nan ya fi kuɗinka na wata tara. Ka je Ɗa'if ka sha iska, Muharram ka dawo, zan ajiye maka."

A wurin aiki na ba da labari ina neman a taya ni jaje, sai aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ashe kowa ya sani, har wanda ya ba ni lambar dillalin. Ya ce ya ɗauka na sani, wai wa zai ga lamba a ƙofar ɗaki da gado huɗu-huɗu ya zaci gidan amarya ne. Maman Ummi ba ta yi faɗa ba. Ta dai tambaye ni, cikin ladabi, "Baban Ummi, cikin goma sha shidan nan, wanne ne namu da za mu ɗauka?"

Neman gidan haya a Makka a watan Zulƙida, ko ɗakin ajiye tsintsiya an sa masa gado an ƙirga shi. Na zaga har Nawwariyyar da aka raina, an riga ni. Da la'asar na sayi tsire mai yawa na hau dutse, na sami Kawu a kan tabarma yana jan carbi.

"A'a, Dakta. Istiharar ta fito?"

"Ta fito, Kawu."

"Ta daɗe a hanya."

Ranar tashi muka ɗauki samari huɗu 'yan dako. Akwatuna suka hau, tukwane suka hau, tabarmin da muka saya a madadin gado suka hau. Firiji ya taso da kabbara, mutanen unguwa sun fito kallo, yara na bin sa a baya. Ya wuce 'yan Katsina, ya wuce jikokin malamin Borno. Daidai ƙofar Gwaggo matakalar ta yi wata kwana tsakanin bango biyu. Aka gwada shi a tsaye, aka gwada a kwance, aka cire ƙofofinsa aka sake gwadawa, wani tsoho ya kawo shawarar a ja shi da igiya ta kan rufin maƙwabta, maƙwabtan suka ce a gwada a gani. Magariba ta yi, samari suka ce ko a ƙara kuɗi ko a rage firiji. Gwaggo ta ce a shigo mata da shi zaure ya kwana, gobe a san abin yi.

Yana nan har yau. Ta sa an jona shi, zoɓonta ya koma mai ƙanƙara, ta ƙara fura da nono a layin sama, ciniki ya buɗe har daga gangare ake hawowa. In na taso daga aiki nakan tsaya a wurinta in huta, in buɗe firijina da hannuna in ɗauko gora ɗaya. Riyal biyu take karɓa a wurin kowa. Ni takan ce in kawo uku, wai Dakta ne.