Dodon ƙungiya na magoya baya ne, ba na masu kulob ba

A watan Oktoban 2020, lokacin da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga filayen wasa, Arsenal ta sallami mutumin da ya shafe shekara 27 yana shiga rigar Gunnersaurus, koren dodon nan da ke gaisawa da 'yan wasa a bakin fili, wai don tsuke bakin aljihu. Mesut Ozil, wanda a lokacin ko benci ba ya samu, ya ce zai riƙa biyan albashin mutumin daga aljihunsa muddin shi Ozil yana kulob ɗin. Wasu sun ce Ozil huce haushinsa yake yi a kan shugabannin Arsenal, kuma mai yiwuwa haka ne, amma hakan bai wanke kulob ɗin ba.

A ganina, kuskuren shugabannin shi ne sun lissafa dodon a jerin kayan ado, alhali shi kaɗai ne ba a sayarwa. A duba ƙwallon kwando na Amurka, inda wannan al'ada ta yi ƙarfi. Benny, jan bijimin Chicago Bulls, yana nan tun 1969. Michael Jordan ya zo ya same shi a 1984, ya ci kofin gasar ƙwallon kwando ta NBA sau shida, ya tafi ya bar shi, kuma a shekarun da ƙungiyar ta koma shan kashi, bijimin ne ya ci gaba da watsa gugguru a kan 'yan kallo, yana ba uba dalilin kawo ɗansa fili. Yaro ɗan shekara biyar bai san dabarun koci ba, dodon ya sani, kuma daga nan ƙaunar da za ta bi shi har tsufa take farawa.

Aikin ma ba na rago ba ne. Goggon birin Phoenix Suns ya yi suna ne da tsalle daga kan katifar roba yana zura ƙwallo a kwando, cikin riga mai nauyi da zafi, ba a ganin fuskarsa balle a yaba masa da sunansa.

Masu ganin abin shirme ne suna da hujjarsu, domin Los Angeles Lakers da New York Knicks ba su da dodo, kuma ba su rasa 'yan kallo ba. Sai dai wanda bai taɓa yi ba daban yake da wanda ya saba wa mutane da abu sannan ya ƙwace shi rana tsaka ba tare da shawara ba.

Duk da haka, shaƙuwar magoya baya ba ta halatta komai ba. Ƙungiyar ƙwallon gora (baseball) ta Cleveland ta daɗe tana amfani da Chief Wahoo, zanen jar fuska mai wage baki da ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, suka yi shekaru suna cewa izgili ne gare su. A nan na fi ganin gaskiyar masu ƙorafi, domin bijimi ba zai kai ƙara ba, amma al'ummar da aka mayar abin dariya tana raye tana kallo. Ƙungiyar ta cire zanen daga rigunanta bayan kakar 2018, sannan ta koma amsa sunan Guardians daga kakar 2022.