Yaron da ke kan jirgin kaya ba yawon buɗe ido ya fito ba

Masu shirya fina-finan tarihi na iyali a Amurka suna son labarin matashin da ya bar gida a shekarun 1930, ya ɗare jirgin ƙasa na dakon kaya, ya ratsa ƙasar yana neman mahaifinsa ko aikin yi. Ina goyon bayan a zauna a kalli irin wannan fim da yara. Abin da ba na so shi ne a shafa wa talaucin hoda har yaro ya tashi yana sha'awar tafiyar.

Bayan kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929, dubban bankuna sun durƙushe da ajiyar jama'a. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. An ƙiyasta cewa matasa kimanin 250,000 ne suka bazama kan hanya, da yawansu don a rage bakin ci a gida.

Hawa jirgin ma kasada ce. Sai ya fara tafiya yaro zai fito daga maɓoyarsa, ya bi shi da gudu, ya cafki tsanin ƙarfen da ke jikin taragon. Idan hannu ya zame, ƙafa ce za ta tafi, ko rai. Idan ya tsira, ga masu gadin jirgi da kulake. Da ya sauka kuma sai ya ƙwanƙwasa ƙofar baya ta gidan mutane, ya roƙi a bar shi ya faskara itace a ba shi abinci.

Wasu iyaye za su ce wannan ya yi wa yara nauyi. Na yarda ba sai an nuna jini ba. Amma ɗan shekara goma zai iya fahimtar fuskar uban da ya dawo gida hannu wofi, kuma a nan ne labarin yake.

Akwai kuma waɗanda fina-finan kan tsallake. Shirin CCC na ba matasa marasa aiki aikin kula da dazuzzuka, wanda Shugaba Roosevelt ya kafa a 1933, yana biyan dala 30 a wata, a aika 25 gida, amma samari aka ɗauka, shi ya sa yarinyar da ke kan hanya ba ta da wannan mafita. Wasu ma shigar maza suka riƙa yi don su tsira da mutuncinsu. A Maris na 1931 an sauke matasa baƙaƙen fata tara daga jirgin kaya a jihar Alabama, aka ƙaga musu laifin fyaɗe, aka yanke wa takwas hukuncin kisa a garin Scottsboro. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 1932, amma wasunsu sun shafe shekaru a kurkuku. Su ma aiki suka fita nema, kuma ina so in ga fim ɗin iyali da zai ba da kujerar jarumi ga ɗaya daga cikin irinsu.