Kada a jira sai baƙo ya yi suna kafin a ce namu ne

A shekarar 1940 mai zane Pablo Picasso ya nemi gwamnatin Faransa ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. A lokacin ya haura shekara 30 yana zaune a ƙasar, kuma sunansa ya riga ya zagaye duniya. Aka hana shi. Tun 1901 'yan sandan Faris suka buɗe masa fayil, suna zarginsa da hulɗa da masu tayar da ƙayar baya saboda irin mutanen da ya sauka a wurinsu sa'ad da ya zo daga Sifaniya. Ya mutu a 1973 ba tare da ya zama Bafaranshe ba. A 1985 aka buɗe katafaren gidan adana zane-zanensa a tsakiyar Faris, yau kuma masu yawon buɗe ido na bin layi su shiga, ƙasar tana alfahari da shi tana kuma samun kuɗi da sunansa.

Wannan hali bai tsaya ga Faransa ba, kuma bai wuce ba. Kusan duk al'ummar da ta tara mutane daga ƙasashe daban-daban tana son ta ce mai zane ko mawaƙi ko marubucin da ya zo daga waje nata ne, amma sai bayan wasu sun riga sun ɗaga shi. Lokacin da yake buƙatar ɗakin aiki, da izinin zama, da wanda zai gabatar da shi, ba a ganinsa. A ganina yabon da ya zo bayan mutum ya gama shan wahalarsa shi kaɗai ba tallafi ba ne, ihu ne bayan hari. Kuma mafi yawan baƙin da ke da baiwa ba sa kai wa ga ranar yabon ma, domin tun a hanya suke ajiye alƙalami ko kayan kiɗa su kama tuƙin tasi ko aikin dare a masana'anta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wata ƙasa da ba a cikinta aka haife su ba. A cikin wannan taro akwai masu sassaƙa, da masu shirya fim, da makaɗa, da masu rawa, da marubuta waƙa. Abin da ya fi tare musu hanya ba ƙiyayya ba ce a fili. Takarda ce.

Duba fom ɗin neman tallafi irin wanda hukumomin raya al'adu ke fitarwa. A shafin farko akwai wani ɗan gurbi da ke tambaya ko mai nema ɗan ƙasa ne ko mazaunin dindindin. Wanda ba shi cikin biyun, nan tafiyarsa ta ƙare. In ya tsallake, za a ce ya kawo wasiƙu daga sanannun mutane a fagen da suka san aikinsa, da shaidar cewa jaridu sun yi rubutu a kansa, da bayanin manufar aikinsa cikin harshen da bai daɗe da fara koyo ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana cika zauruka a ƙasarsu, sai ya zauna gaban wannan fom kamar wanda bai taɓa yin komai ba, don jaridun da suka yabe shi alƙalan ba sa iya karanta su, malaman da suka horar da shi kuma ba wanda ya taɓa jin sunansu. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A nan kuwa mai masaukin ma ba ya ganin abin da baƙon ya zo da shi.

Dokokin shige da fice suna ƙara ɗaure lamarin. Bizar O-1 ta Amurka, wadda ake bai wa masu baiwa ta musamman, tana neman hujjoji irin su lambobin yabo da sharhin manyan jaridu, wato sai ka shahara kafin a ba ka damar zuwa inda za ka shahara. A Birtaniya mai neman mafaka ba shi da izinin aiki. Sai ya yi wata 12 yana jiran hukunci sannan zai iya neman izini, shi ma a wasu 'yan ayyuka da gwamnati ta lissafa. Mawaƙin da ke cikin wannan hali ko an gayyace shi wasa ba zai iya karɓar ladansa ba.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne irin waɗannan sharuɗɗa mutane ne suka rubuta su, kuma ana iya sauya su. Shekara da shekaru lambar yabo ta Pulitzer a yawancin fannonin adabi da wasan kwaikwayo da kiɗa ta 'yan ƙasar Amurka ce kaɗai. Marubuci Javier Zamora, wanda ya baro El Salvador yana ɗan shekara 9, ya fito ya yi magana a kan haka, marubuta da yawa suka mara masa baya. A 2023 hukumar lambar ta sanar da cewa za ta buɗe ƙofa ga mazauna dindindin da waɗanda suka daɗe da mayar da Amurka gidansu. Ba a kashe ko sisi ba wajen wannan gyara. Layi ɗaya aka sauya a cikin ƙa'ida. Ya kamata kowace hukuma da ke raba tallafi ko lambar yabo ta ɗauko nata ƙa'idojin ta tambayi kanta wane ne suke korewa, kuma don me.

Akwai kuma wani nau'in tallafi da nake ganin ya fi rashin tallafi ciwo, domin yana zuwa da fara'a. Shi ne a keɓe wa baƙi rana ɗaya a shekara, ranar baje kolin al'adu, a ce su zo da kayan gargajiya su yi rawa a ɗauki hoto, washegari a koma yadda ake. Babban dandali da babban zauren nune-nune na nan a hannun waɗanda suka saba riƙe su. Sau da yawa ma ba a biya, sai a ce ai dama ce ta a san mutum. Wanda kuma aka ba shi fili, an riga an yanke masa abin da zai faɗa. Ana so ya ba da labarin yaƙi, da jirgin ruwa, da kewar gida. In mai zane da ta tsere daga yaƙi ta ce ita furanni take son zanawa, ko marubuci ya rubuta labarin soyayya da ba ruwansa da hijira, sai a ji masu shirya taron sun yi sanyi. Wannan tauye mutum ne. Ɗan ƙasa yana da 'yancin ya yi aiki a kan duk abin da ya ga dama, ya gwada ya faɗi ya sake gwadawa. Baƙo ma haka ya kamata a bar shi, ba a mayar da wahalarsa kuɗin shigarsa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Masu fasaha 'yan ƙasa ma suna fama, kasafin raya al'adu shi ake fara yankewa idan tattalin arziki ya matse, to me zai sa a raba ɗan abin da ya rage da wanda ya zo jiya? Amsa ta farko ita ce baƙon da ke zaune a ƙasa yana aiki yana biyan haraji, da kuɗinsa a cikin asusun da ake hana shi. Ta biyu kuma, lissafin da ke ɗaukar fasaha kamar rabon gado, in wani ya samu wani ya rasa, bai dace da yadda abin yake gudana ba.

El Anatsui ɗan Ghana ne. A 1975 ya karɓi aikin koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya zauna a can shekaru da dama. A nan ya fara tattara murafen kwalabe da aka zubar, ana daddake su, ana huda su, ana ɗinke dubbansu da wayar tagulla har su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi da ke rufe bangon gini. Aiki ne da hannu ɗaya ba ya iyawa, don haka matasan yankin da dama suka samu abin yi a ɗakin aikinsa, ban da ɗaliban da ya yaye. A 2015 bikin baje kolin fasaha na Venice ya ba shi lambar Zakin Zinariya ta aikin tsawon rayuwa, a 2023 kuma ya cika babban zauren gidan adana kayan fasaha na Tate Modern da ke Landan da aikinsa. Abin da jami'ar ta ba shi tun farko ba lambar girma ba ce. Albashi ne, da wurin aiki, da shekaru na kwanciyar hankali. Ban ga ɗan ƙasar da wannan ya tauye ba, na dai ga garin da sunansa ya shiga bakin masana fasaha na duniya.

Waɗanda suka fahimci haka sun nuna hanyoyin da ke aiki. Gidauniyar Vilcek da ke New York, wadda Jan da Marica Vilcek suka kafa a 2000, su kansu baƙi daga tsohuwar Czechoslovakia, tana ba da kyaututtuka ga baƙi a fannin kimiyya da fasaha, har da rukuni na musamman ga matasa da ba su kai ga shahara ba. Gidauniyar fasaha ta New York tana da shiri tun 2007 da ke haɗa baƙon mai fasaha da wanda ya san gari, ya nuna masa yadda ake rubuta takardar neman tallafi da waɗanda ya kamata ya sani. Ƙungiyar ICORN mai hedikwata a Stavanger ta Norway ta haɗa birane da dama da ke bai wa marubuta da masu fasaha da ake farauta masauki da kuɗin kashewa, galibi na shekara biyu. Yarjejeniyar UNESCO ta 2005 kan kare bambancin al'adu ma, a sashe na 16, ta ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin sauƙaƙa wa masu fasaha daga ƙasashe masu tasowa, ko da yake duk wanda ya ga yadda ake hana mawaƙan Afirka biza ana gobe wasa ya san aiwatarwar na da sauran tafiya.

Game da girmamawa a bainar jama'a, ba na raina ta. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 da aka shigar da sunan mawaƙiya kuma 'yar rawa Josephine Baker cikin Panthéon, hubbaren manyan Faransa, yara baƙaƙen fata a ƙasar sun ga abin da ba su taɓa gani ba, mace baƙa haifaffiyar Amurka a sahun gwarazan ƙasa. Sai dai shekara 46 ke nan bayan rasuwarta. Abdulrazak Gurnah, wanda ya baro Zanzibar ya shiga Ingila yana matashi ɗan gudun hijira, ya yi shekaru fiye da 30 yana wallafa littattafai kafin lambar yabo ta Nobel ta adabi ta same shi a 2021, kuma a makon da aka sanar, masu karatu da yawa sun nemi littattafansa a kantuna sun rasa.

Girmamawar da ke da amfani ita ce wadda ke shiga cikin tsarin yau da kullum. Gidan adana kayan fasaha na gwamnati ya sayi aikin baƙo da kuɗi ya rataye shi a zauren dindindin, kusa da na 'yan ƙasa. A sa waƙarsa cikin littafin da yara ke karantawa a makaranta. Gidan rediyon gwamnati ya sa kiɗansa a shirin safe da kowa ke ji, kada ya tsaya a shirin baƙi na tsakar dare. A ware kuɗin fassara, domin marubucin da ke rubutu da harshen uwarsa ba shi da wata hanya ta isa ga maƙwabcinsa.

Sama da duka, a duba su wane ne ke zaune a kujerar alƙalanci. Kwamitin da dukan mambobinsa makaranta ɗaya suka yi, ma'auni ɗaya suka sani, zai saurari makaɗin da ya gaji salon shekaru ɗaruruwa ya ce bai gane inda ya dosa ba, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa. Idan aka sa mutum biyu ko uku da suka san waɗannan salon a cikin kwamitin, aka ba su ƙuri'a daidai da ta kowa, aka kuma yarda mai nema ya gabatar da bayaninsa da baki ko ta bakin tafinta, jerin waɗanda ke samun tallafi zai fara sauyawa tun daga zagayen farko.