Takardar bayanin da na'ura za ta karanta, da wane ma'auni za a auna ta?

Na daɗe ina lura da yadda masu gina manhaja suke yabon takardun bayanin kayan aiki, kuma galibi abin da ke burge su shi ne kyan shafi da tsarin babi-babi da yawan hotuna. Wannan ma'auni ya yi amfani a lokacin da mutum ne kaɗai mai karatu. Amma tun daga watan Yunin 2023, da kamfanin OpenAI ya ba samfuransa na ƙirƙirarriyar basira damar kiran wasu manhajoji da kansu, sannan a watan Nuwamban 2024 Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP, wadda ke tsara yadda irin waɗannan samfura ke haɗuwa da manhajojin da suke kira a matsayin kayan aiki, mai karatun farko ya canja. Yanzu wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke aiwatar da aiki da kanta a madadin mutum, shi ne yake duba sunan kayan aikin, da 'yan jimlolin da ke faɗin abin da yake yi, da tsarin bayanan da yake karɓa, wanda ake rubutawa da wani salo da ake kira JSON Schema, sannan da wannan kaɗai ya yanke shawarar ko zai kira shi da kuma abin da zai tura masa.

Mutum idan ya ci karo da abin da bai gane ba, sai ya tambayi abokin aiki ko ya buɗe cikin manhajar ya duba. Matambayi ba ya ɓata, an sani. Shi kuwa wakili ba kasafai yake tsayawa ya yi tambaya ba. Yakan cike gurbin da zato, ya wuce kamar ya sani.

Na ga haka da idona a wani kayan aiki na tsara jadawalin taro, wanda takardarsa take da kyan gani ƙwarai. A gurbin lokaci, abin da aka rubuta kawai shi ne cewa a saka lokacin Unix, wato ƙidayar da ta fara daga 1 ga Janairun 1970. Ba a faɗi cewa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake ƙidayawa ba, shi kuma wakilin ya tura adadin da cikakkun daƙiƙoƙi. Manhajar ta karɓa, ta mayar da saƙon nasara, wakilin ya sanar da ni cewa an tsayar da taro. Da na duba jadawalin ban ga komai ba, sai daga baya na tarar da taron yana zaune a watan Janairun 1970. Kalmomi uku ko huɗu ne suka rage a takardar, kuma da an zaɓi tsarin ISO 8601 na rubuta kwanan wata da lokaci an kawo misali guda, da ba a yi wannan ɓatan kai ba.

Tun daga ranar, abin da nake fara nema a kowace takarda shi ne inda ta faɗi lokacin da bai kamata a yi amfani da kayan aikin ba. Kusan kowa yana rubuta abin da kayansa ke iyawa, amma kaɗan ne suke rubuta iyakarsa, alhali wakilin da aka ba kayan aiki biyu masu kama da juna, ɗaya na neman fayil da suna, ɗaya na neman kalma a cikin fayil, ba shi da hanyar rarrabe su sai wannan bayanin. Haka kuma ina duba ko an bayyana aikin da ba ya gyaruwa bayan an yi shi. MCP ta tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya share abu, ko maimaita kiransa ba ya ƙara wani sakamako, kuma a ganina wanda ya bar waɗannan gurabe fanko bai gama aikinsa ba, domin wakili yana da saurin sake gwadawa idan amsa ta yi jinkiri, kuma saƙon da aka aika sau biyu ba ya dawowa.

Saƙonnin kuskure ma ina lissafa su cikin takardar bayani, ko da yake da yawa ba sa kallon su haka. Lambar 429 tana nufin an yawaita buƙata, a dakata. 500 kuwa matsala ce daga ɓangaren uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatar. Idan manhaja ta dunƙule su duka ta ce an sami matsala, wakilin zai yi ta bugun ƙofa ɗaya.

Akwai masu ganin cewa maganin duk wannan shi ne a yawaita rubutu. Ban yarda ba, saboda bayanin kowane kayan aiki yana cin wuri a cikin abin da samfurin ke iya riƙewa a lokaci guda, kuma surutun talla yana danne jimlar da ake bukata. Shawarar llms.txt da masanin ƙirƙirarriyar basira Jeremy Howard ya kawo a watan Satumban 2024, wato shafin intanet ya ajiye fayil mai gajeren bayani domin samfura su karanta, ta kama hanya wajen taƙaitawa, sai dai taƙaitaccen bayanin da bai faɗi ma'aunin lokaci ba, 1970 zai sake kai mutum.

Yanzu idan an ce in auna wata takarda, ba na fara karanta ta. Ina miƙa ta ga wakili ba tare da wani ƙarin haske daga gare ni ba, in ba shi ayyuka na gaske, har da waɗanda na san za su gaza, sannan in bi tarihin kiraye-kirayensa layi-layi ina neman wurin da ya yi zato. Duk inda na sami zato, nakan koma takardar in ga wace jimla ce babu, in rubuta ta, in sake ba shi aikin.