Zanen aro a Canberra: rinjayen Albanese da abin da ke jiransa a 2028

Duk wanda ya dubi zauren majalisar wakilan Ostireliya bayan zaɓen 3 ga Mayun 2025 zai ɗauka cewa babu sauran magana kan zaɓe mai zuwa. Jam'iyyar Leba ta Firaminista Anthony Albanese, mai ra'ayin kawo sauyi na tsaka-tsaki, ta samu kujeru 94 daga cikin 150, yayin da ƙawancen jam'iyyun Libaral da National na masu ra'ayin riƙau ya tashi da 43 kacal. Jagoran adawa Peter Dutton ya rasa har kujerarsa ta Dickson wadda ya riƙe tun 2001, Albanese kuwa ya zama firaminista na farko da ya ci zaɓe sau biyu a jere tun bayan John Howard a 2004. Ni ma ina ganin Leba ce ta fi kusa da sake kafa gwamnati a zaɓen da ake sa ran yi a 2028. Abin da nake shakka a kai shi ne ko za ta sake kafa ta ita kaɗai, ba tare da roƙon kowa ba.

Dalilin shakkar yana cikin yadda ake jefa ƙuri'a a ƙasar. A can wajibi ne kowane ɗan ƙasa da ya isa zaɓe ya fita, tun daga 1924, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara. Mai zaɓe ba ya dangwala wa mutum ɗaya ya tafi, sai ya jera duk 'yan takarar mazaɓarsa da lamba, daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi. Idan babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu da masu su suka rubuta, a yi ta haka har wani ya samu rinjaye. A bisa wannan tsari, waɗanda suka sa Leba a lamba ta ɗaya a 2025 ba su kai kashi 35 cikin 100 ba, sai bayan rabon ƙuri'un ƙananan 'yan takara ta kai kusan kashi 55 a karawarta da ƙawancen. Kevin Rudd, wanda ya jagoranci Leba zuwa mulki, ya samu kimanin kashi 43 na zaɓin farko a 2007, amma kujeru 83 ya ci. Ke nan Albanese ya fi Rudd kujeru da masoya na haƙiƙa mafi ƙaranci, sauran duk aro ne daga mutanen da suka fi son wani amma suka gwammace Leba da Dutton, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Raunin 'yan adawa dai ba ya buƙatar doguwar hujja. Sun shiga zaɓen da alƙawarin gina tashoshin nukiliya guda bakwai a ƙasar da doka ta hana makamashin nukiliya, sun ce za su hana ma'aikatan gwamnati aiki daga gida sannan suka janye ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, ga kuma inuwar Donald Trump da ta riga ta cuci masu ra'ayin riƙau na Kanada kwanaki biyar kafin nan. Bayan kayen, Libaral ta zaɓi Sussan Ley, mace ta farko da ta jagorance ta, ba ta ma gama zama ba National ta fice daga ƙawancen na kusan mako guda kafin a sasanta. A watan Nuwamban 2025 Libaral ta yi watsi da manufar kawar da hayaƙi mai gurɓata yanayi nan da 2050, matakin da ya faranta wa mazaɓun karkara rai amma ya ƙara nisanta ta daga unguwannin masu hali na Sydney da Melbourne da Perth, waɗanda ba ta da hanyar komawa mulki sai ta bi ta cikinsu. A watan Disamba kuma Barnaby Joyce, tsohon mataimakin firaminista, ya koma jam'iyyar One Nation ta Pauline Hanson mai tsattsauran ra'ayin riƙau. Ƙawancen da, bisa sakamakon 2025, ke buƙatar ƙarin kujeru 33 kafin ya kai 76 ɗin da ke ba da rinjaye yana zubar da magoya baya ta gefe biyu a lokaci ɗaya.

Sai dai wanda ya bar Libaral ba lallai ya shiga Leba ba. A zaɓen 1980 manyan ɓangarorin biyu sun haɗa sama da kashi 90 na zaɓin farko, a 2025 kuwa kusan mutum ɗaya cikin uku ya bai wa wani daban lambarsa ta ɗaya. Waɗannan ne ke cika kujerun tsakiyar zaure, inda 'yan indifenda da ƙananan jam'iyyu ke zama tsakanin gwamnati da adawa. Su shida ne a 2019, suka zama 16 a 2022 lokacin da mata 'yan indifenda masu rajin kare muhalli suka ƙwace mazaɓun da Libaral ta gada kaka da kakanni, ciki har da Kooyong inda Monique Ryan ta kayar da ministan kuɗi Josh Frydenberg. Gaskiya ne adadin ya ragu zuwa 13 a 2025, domin jam'iyyar Greens mai rajin kare muhalli ta rasa uku daga kujerunta huɗu har da ta shugabanta Adam Bandt, kuma masu cewa guguwar ta lafa suna kafa hujja da wannan. Amma yawan ƙuri'un ya ƙaru ne, kuma a tsarin da ake raba zaɓi na biyu, ɗan canji kaɗan a kan wanda ya zo na biyu da wanda ya zo na uku kan juya sakamakon mazaɓa gaba ɗaya.

A nan ne raunin adawa ke iya zama matsala ga Leba kanta. Muddin ɗan Libaral ne abokin karawarta a zagayen ƙarshe na ƙidaya, ƙuri'un Greens da na mafi yawan 'yan indifenda wurinta suke gangarowa. Idan kuwa Libaral ta faɗi zuwa ta uku a wata mazaɓa, sai ɗan indifenda ya zo na biyu, kuma masu zaɓen Libaral sukan fifita shi a kan ɗan Leba. Haka 'yar indifenda Dai Le ta kayar da Kristina Keneally ta Leba a Fowler a 2022, mazaɓar ma'aikata a yammacin Sydney da Leba ba ta taɓa rasawa ba kafin nan. A 2025 ma saura ƙiris 'yan indifenda su ɗauke mazaɓun Leba na Bean a babban birni Canberra da Fremantle a yammacin ƙasar. Gwamnatin da ta amince a tsawaita aikin iskar gas na North West Shelf har zuwa 2070, kuma take fama da cika alƙawarin gina gidaje miliyan 1.2 kafin tsakiyar 2029 alhali kuɗin haya na cinye albashin matasa, ta bai wa irin waɗannan 'yan takara abin faɗa a mazaɓunta.

Manyan jam'iyyun sun san da haka, shaidata kuwa ita ce dokar da Leba da ƙawancen suka haɗu suka zartar a Fabrairun 2025, wadda ta ƙayyade kuɗin da ɗan takara zai kashe a mazaɓa ɗaya zuwa dalar Ostireliya 800,000, ta kuma bar wa jam'iyya damar kashe miliyan 90 a faɗin ƙasa. Rage tasirin kuɗi a siyasa abu ne mai kyau, kuma ba na musun cewa wasu 'yan indifenda sun dogara da manyan masu ba da gudummawa. Amma jam'iyya na iya tallata sunanta da manufofinta daga babbar jaka ta ƙasa, ɗan indifenda kuwa ba shi da wata jaka sai ta mazaɓarsa, kuma ba kasafai abokan gaba biyu ke haɗa kai cikin gaggawa a kan abin da bai tsorata su duka ba.

Kafin Leba ta rasa rinjaye sai ta zubar da kujeru 19, abin da ba ƙarami ba ne, ko da yake tarihin ƙasar ya nuna yana yiwuwa. Campbell Newman ya ci kujeru 78 cikin 89 a jihar Queensland a 2012, bayan shekara uku ya rasa mulki da kujerarsa. Abin da na fi hasashe shi ne raguwa a hankali, wasu mazaɓu su koma ga ƙawancen, wasu ga 'yan tsakiya, Albanese ko magajinsa ya tsira da ɗan rinjaye ko ya nemi hannun 'yan indifenda kamar yadda Firaminista Julia Gillard ta Leba ta yi a 2010. A majalisar dattawa ma tuni haka abin yake, domin a ƙarshen 2025 sanatocin Leba 29 ne cikin 76, kuma duk dokar da ƙawancen ya ƙi sai ta bi ta hannun sanatocin Greens goma kafin ta wuce.