Wai Girkancin kaka ƙauyanci ne

Asabar ɗin da ta wuce, goma saura kwata na safe, ana yayyafi da sanyin nan na Landan mai shiga ɓargo. A bakin ƙofar wata makarantar gwamnati da Girkawan arewacin birnin ke haya duk mako don koya wa 'ya'yansu Girkanci da rawar gargajiya, wata tsohuwa ta iso riƙe da hannun jikarta 'yar shekara goma sha ɗaya. A ɗaya hannun leda ce, cikinta rigar rawa, an wanke an goge an linke. Tsohuwar tana cikin Girkawan Saifurus da suka baro tsibirin a 1974, lokacin da yaƙi ya raba shi biyu. Bas biyu ta hau kafin ta iso.

A bakin zaure an kafa tebur, bayansa wata 'yar kwamiti da takardar sunaye da biro.

"Barka da asuba, Kiriya (wato uwargida). Rigar na kawo ku duba tsayinta kafin bikin 25 ga Maris."

Matar ba ta ɗago kai ba. "Wace yarinya?"

Aka faɗi suna. Ta bi takarda da yatsa har ƙasa, ta dawo sama. "Ba ta ciki."

"Ba ta ciki kamar yaya? Tun Janairu take koyon takun nan, har a ɗakin girki."

"Ta yi fashi sau biyu. An sanar a WhatsApp cewa duk wanda ya yi fashi biyu an cire shi."

"Ai ba ni da shi, 'yata. Uwarta kuma aikin dare take yi."

"Wannan ke ya shafa."

Ku lura da "ke" ɗin nan. Girkanci yana da jam'in girmamawa, kamar yadda ake ce wa babba "ku". Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu tana ce wa sa'ar 'yarta "ku", ita kuwa tana mayar mata da "ke". A makarantar koyar da al'ada fa muke.

Yarinyar ba ta kama duk maganar ba, sai ta ja gefen mayafin kakarta ta tambaye ta abin da aka ce. Da harshen gida ta yi tambayar. Mutanen Saifurus in za su ce "me", "inda" suke cewa, na Atina, babban birnin Girka, kuwa "ti". Sai a lokacin nan 'yar kwamiti ta ga dama ta ɗago kai.

"Ba a cewa inda. Ti ake cewa. Ƙauyancin nan a riƙa barin sa a gida."

Sannan ta miƙa hannu ta karɓi ledar, wai akwai wata yarinya da za ta sa rigar, kuma kuɗin ajiyar da aka biya sai ƙarshen zango za a duba maganarsa. Wace yarinya ce? Kowa a layin ya sani, babu wanda ya ce uffan. Ungulu da kan zabo, a gaban iyaye ashirin masu riƙe da kofin kofi.

To, madalla. Sannu da ƙoƙari, Kiriya. Kin tsare wa Girkanci mutuncinsa. Yarinya ɗaya tilo a ajin da ta buɗe baki ta yi tambaya da harshen kakanninta ba tare da an tilasta mata ba, ita kika kunyata. Sauran da ke shiga da Turanci su fito da Turanci, su ne 'yan birni.

Da wannan ne karo na farko, da an yi haƙuri. Amma shekara da shekaru haka makarantun Asabar ɗin nan ke tafiya, kuma duk wanda ya san yadda ake koyar da harshe ko rawa yana ganin inda ake kitso da kwarkwata.

A fara da lissafin lokaci. A ce an samu Asabar 35 a shekara, kowace awa uku. Awa 105 ke nan. A cire kiran suna, da hutun cin biskit, da mintunan da ake ɓatawa wajen mayar da kujeru yadda aka same su, domin gini na haya ne, ko hoton haruffa ba a yarda a manna a bango ba, ƙarfe ɗaya saura kuma mai gadi ya fara kaɗa makullai. Sannan a cire makonnin shirin biki. Oktoba ta tafi a shirin 28 ga wata, ranar da Girka ta ce wa Italiya a'a a 1940. Disamba waƙoƙin Kirsimeti. Fabrairu da Maris duk na 25 ga Maris ne, tunawa da boren neman 'yancin Girka na 1821, kuma a makarantun 'yan Saifurus ana haɗawa da 1 ga Afrilu, ranar da aka fara yaƙar mulkin Birtaniya a tsibirin a 1955. Me ya rage wa karatu? Yaro ya haddace baiti takwas na waƙar kishin ƙasa, ya rera a kan dandamali, a tafa, a tambaye shi ma'anar kalma ɗaya a ciki ya yi zuru.

Alhali karatun ba wasa ba ne. Haruffan Girkanci 24 ne, amma wahalarsu ga yaron da ya fara da rubutun Turanci ita ce kamannin yaudara. Η ya yi kama da H amma "i" ake karanta shi. Ρ ya yi kama da P amma "r" ne. Ƙaramin ν sak v, amma "n" ne. Β kuma ba "b" ba ne. Sautin "i" kaɗai ana rubuta shi ta hanya biyar a yau da kullum: ι, η, υ, ει, οι. Sautin "o" hanya biyu, ο da ω. Harafin sigma yana sauya siffa in ya zo ƙarshen kalma. Ga alamar nauyin murya, wadda tun gyaran rubutu na 1982 aka rage ta koma ɗaya, amma ɗayar ba ta yafiya: πότε "yaushe" ne, ποτέ kuwa "faufau". Ga jinsi uku, namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, kowanne da ƙarshen kalmarsa. Waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ake koyar da su, da maimaici kowane mako, minti goma na shifta a farkon aji, a gyara a gaban yaro. Abin da ake yi shi ne a raba kwafin takarda, a ce a kwafe kalma sau goma a gida, gidan da ba mai iya dubawa.

Babban kuskuren ma a rabon aji yake. Da shekaru ake rabawa, ba da iyawa ba. Yaron da iyayensa suka zo daga Atina bara, yana zuba harshe kamar ruwa, an zaunar da shi kusa da jikan jika wanda "kalimera", wato barka da asuba, kaɗai ya sani. Na farkon ya gaji ya fara tsokana, na biyun ya ji kunya ya kulle baki. Gwajin minti biyar na baka a watan Satumba ya isa a raba su rukuni uku. Ba a yi, domin uwar wane ba za ta yarda a ce ɗanta ya zauna da ƙanana ba. Ga littattafan da Jami'ar Kirit ta tsara musamman don 'ya'yan mazauna waje, amma wani malamin sai ya kwaso na 'yan firamaren Girka, waɗanda aka rubuta wa yaran da da harshen suka buɗe ido.

Maganar harshen gida kuwa, malamin kirki ba ya kashe shi. Allo yake rabawa biyu: a gida "ce", a littafi "ke", duka ma'anarsu "da", a gida "inda", a littafi "ti". Yaro ya gane yana da riga biyu, ta zaman gida da ta fita unguwa. In ka ce masa ta gidan tsumma ce, ai duka biyun zai tuɓe.

Sai rawa, wadda saboda ita aka wulaƙanta tsohuwa. Da ma ana koyar da ita yadda ya kamata, da da sauƙi.

Ɗauki kalamatiyano, wadda kowa ke farawa da ita. Kiɗanta bugu bakwai ne, a rabe uku, biyu, biyu. Wato taku ɗaya dogo, biyu gajeru. A yi haka sau huɗu, taku goma sha biyu ke nan, ana farawa da ƙafar dama, da'ira tana tafiya dama, hannuwa a riƙe daidai kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe. Hanyar koyarwa a fili take: a zaunar da yara su yi tafi da bugun har ya shiga jikinsu, sannan su yi tafiya da shi ba riƙe hannu, sannan a jera su layi a bayan malami suna kallon ƙafarsa, a ƙarshe a rufe da'ira. Abin da ake yi a zauren wasannin makaranta daban ne. Yara talatin a da'ira tun ranar farko, malama a tsakiya tana ƙirga ɗaya zuwa goma sha biyu daidai wa daida kamar faretin 'yan sanda. Dogon takun ya ɓace, rawa ta zama maci. Waɗanda ke fuskantar malamar suna ganin ƙafarta a juye, ta ɗaga dama su ɗaga hagu, sai a yi musu tsawa. An haɗa dogo da gajere hannu da hannu, kafaɗar ƙaramin kamar za ta cire. Kiɗan daga waya yake fitowa ta 'yar lasifika, zauren yana amsa kuwwa, na can ƙarshe ba ya jin ganga. Wasu da safa a kan daɓe mai santsi, jira kawai ake wani ya faɗi.

Tsamiko ma haka. Rawa ce mai bugu uku, mai nauyi, jagora yana tsalle yana juyi yana rataye da hankicin da na biyu ya riƙe masa. Ƙarfin rawar a hannun na biyun yake, dole ya zama kakkaura mai tsayawa da ƙafarsa. Amma jerin layi a nan ba da ƙarfi ko iyawa ake yin sa ba. Da kujerar uba a kwamiti ake yi.

Abin haushin shi ne, yawancin yaran nan jikokin Saifurus ne. Rawar bikin aurensu karsilama ce, mai bugu tara, biyu-biyu ana fuskantar juna, da goge da la'uto, wani irin molo. Kakar da aka kora daga bakin tebur ta iya ta tun tana budurwa, kyauta za ta koyar. Ba wanda ya taɓa tambayar ta. An fi son sirtaki, wadda a 1964 aka ƙirƙiro ta don wani fim, saboda ita baƙi suka sani, ita ke sa a tashi a yi tafi. Yara maza a cusa su cikin fustanela, farin buje mai linki-linki na mutanen babban yankin Girka, alhali kakanninsu baƙin wando mai faɗi suka sa. 'Yan mata kuma rigar Amaliya, kayan fada da aka sa wa sunan matar Sarki Otto, da jar hula mai tuntu. Ita ce rigar da aka goge da dare, aka karɓe da safe.

Su kwamiti dai ƙananan kifi ne. Ina gwamnatoci? Tun da rikicin bashi ya kama Girka a 2010 aka rage malaman da ake turowa ƙetare. Wanda aka turo kuma, alawus ɗinsa na ɗan lokaci ne, in ya ƙare sai ya rayu a Landan da albashin Girka, kowa kuma ya san kuɗin hayar ɗaki a birnin nan. Saifurus tana turo nata malaman, amma ba sa isa. Giɓin da ya rage ɗalibar jami'a ce ke cike shi, mai kyakkyawar niyya, wadda ba a taɓa koya mata riƙe aji ba, Satumba mai zuwa kuma ta tafi, a kawo wata a sake farawa daga alfa. Amma ranar 25 ga Maris za ka ga manya a kujerun gaba, ana jawabin cewa yaran nan su ne jakadun ƙasa. Jakadun da iyayensu sai a 2023 suka fara jefa ƙuri'ar zaɓen majalisar Girka daga inda suke zaune, ita ma bayan dokar 2019 ta ɗora musu sharuɗɗan da suka tace mafi yawansu.

Hukumomin Ingila su ma kar su yi murmushi. Makarantar da ke rufe ranar Asabar, wadda da harajin iyayen nan aka gina ta, ana ba su hayarta kamar za su yi bikin aure. Yaro ya kai lokacin rubuta GCSE na Girkanci, wato jarrabawar sakandare ta Ingila, sai uwa ta bi ofis-ofis tana roƙon makarantarsa ta boko ta yi masa rajista, a ce mata ta nemo wanda zai yi masa gwajin baka. Jarrabawar shaidar iya harshe ta Cibiyar Harshen Girkanci da ke Tasalonika, wadda ake yi a watan Mayu, har da matakin farko na 'yan shekara 8 zuwa 12, iyaye da yawa ba su ji labarinta ba sai an rufe rajista. Wannan ba a sanar a WhatsApp ba.

Iyayen kuma fa? Daga Litinin zuwa Juma'a Turanci a mota, Turanci a teburin abinci, Turanci wajen faɗa. Asabar a sauke yaro a bakin ƙofa kamar an kai yadi wurin tela, a dawo bayan awa uku ana jiran a karɓi Bagirke ɗinkakke. Ranar biki waya ashirin a sama, kowa ɗansa kaɗai yake ɗauka, da an sauko daga dandamali a kama hanyar mota tun kafin ajin gaba ya hau. Su ne kuma suka tsaya a layi ranar Asabar suna kallon takalmansu.

Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta gyara wa yarinyar wuyan rigar sanyi, ta raka ta har ƙofar aji, domin kuɗin zango an riga an biya. Sannan ta fito ta zauna a kan benci a baranda, da jakarta a cinya, tana jiran ƙarfe ɗaya.