Kai tsoho cibiyar wuni ba jefar da shi ba ne

Maganganun da aka yi ta jifan 'yar uwarmu mazauniyar Ingila da su, don kawai tana kai mahaifinta mai gigin tsufa cibiyar wuni da safe ta ɗauko shi da yamma, sun ɓata mini rai ƙwarai. Masu cewa ta yar da mahaifinta ba su san abin da ciwon mantuwa yake yi wa mutum da iyalinsa ba.

Dattijon da ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa, cikin abubuwan da ke cutar da shi akwai kaɗaici da zaman ɗaki ba mai magana da shi. A irin waɗannan cibiyoyi ana ba shi abinci da magani a kan lokaci, ana sa shi motsa jiki, a yi hira da waƙa da ƙananan sana'o'in hannu, kuma wanda ya wuni a cikin mutane ya fi samun barcin dare, ya rage tashin hankalin nan da ke taso masa da magariba. Cibiyar ba ta warkar da ciwon, amma tana sauƙaƙa wunin mai ciwo, kuma binciken Steven Zarit, wani masanin harkokin tsufa a Amurka, ya nuna cewa damuwar mai jinya tana raguwa a ranakun da majinyacinsa ya tafi cibiya. 'Yar da ta huta ta fi iya haƙuri da mahaifin da zai yi mata tambaya ɗaya sau da yawa a dare guda.

Za a ce al'adarmu ba ta san wannan ba. Japan ma tana girmama iyaye, amma tun shekarar 2000 inshorar kula da tsofaffi ta ƙasar take biyan mafi yawan kuɗin wunin cibiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ciwon, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, wato irin namu. Kulle tsoho a ɗaki a tafi kasuwa, shi ne biyayyar da ake tutiya da ita?

Ina roƙon gidajen rediyon da ke karanta cigiyar tsofaffin da suka fita suka ɓata su riƙa ƙara wa sanarwar bayanin wannan ciwo, domin har yanzu akwai unguwannin da ake tare tsohuwa mai yawo da dare a ce mayya ce.